Dokokin Shigowa da Killace Matafiya a Filin Jirgin Malam Aminu Kano

Filin jirgin saman Malam Aminu Kano yana cikin Ƙaramar Hukumar Fagge, kuma ta nan alhazanmu da 'yan kasuwar Kantin Kwari da Sabon Gari ke fita da dawowa. Saboda haka duk dokar da ta shafi ƙofar nan, ta shafi har mutumin ƙauyen da bai taɓa hawa jirgi ba.

A ranar 21 ga Maris, 2020, Gwamnatin Tarayya ta rufe filin ga jiragen ƙasashen waje saboda annobar korona. An samu mutum na farko mai cutar a Kano ranar 11 ga Afrilu. Legas da Abuja sun sake buɗewa a watan Satumba, amma Kano sai a Afrilun 2021. Maniyyatanmu kuwa ba su samu zuwa aikin Hajji ba a 2020 da 2021.

Da aka buɗe, an wajabta wa matafiyi ya zo da takardar gwajin da ke nuna ba ya ɗauke da cutar, ya yi rajista ta intanet, ya killace kansa kwana bakwai, sa'annan a sake gwada shi. Dalilin kwanakin shi ne, cutar takan ɓuya a jiki kafin gwaji ya gano ta. Mutum na iya tasowa lafiya lau, alhali ya kwaso ta a hanya. A nan ne muka fi shan wuya, domin a al'adarmu ba a barin wanda ya dawo daga tafiya shi kaɗai. 'Yan sannu da zuwa sukan cika gida tun ranar farko. Waɗanda suka ƙi gwaji na biyu, an dakatar da fasfon wasunsu na wata shida.

An janye waɗannan sharuɗɗa a Disambar 2022. Abin da bai tashi ba shi ne katin rigakafin cutar shawara, wanda jami'an lafiya na filin jirgi ke dubawa. Ana yin allurar aƙalla kwana goma kafin tafiya, kuma sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Saudiyya kuma tana neman shaidar rigakafin sanƙarau daga kowane maniyyaci.

Muna roƙon dagatai da masu unguwanni da jami'an alhazai na ƙananan hukumomi su faɗakar da jama'a su karɓi allurar da kansu, kada su sayi katin bogi. Duk wanda ya dawo da zazzaɓi, a hanzarta kai shi asibiti, a kuma faɗa wa likita ƙasar da ya baro.