Yadda Na Ƙidaya Shekarun Kakata

A gidanmu a Lafiya kowa ya kan ce kakata ta haye shekara 120. Ran da muka kai ta asibiti, malamin da ke rubuta kati ya tambayi shekarunta, kawuna ya faɗi haka, mutumin ya yi murmushi ya rubuta abin da ya ga dama. Abin ya tsaya mini a rai, don haka da aka yi hutu na ɗauki littafi da fensir na zauna gabanta.

Dabarar ba wuya. Ka ja layi biyu a takarda. A na hagu ka jera abubuwan da an san shekararsu, a na dama ka sa abin da tsohuwa ta tuna. Kada ka tambaye ta shekara, gama ba da lamba ta ke riƙe zamani ba. Ka ce, "Kaka, ina ki ke sa'ad da abu kaza ya faru?"

Ta ce, "Kai maigida, yau kuma alƙali ka zama?" Sa'an nan ta ce uwarta ta gaya mata tana goye aka buɗe gadar Makurɗi, inda ubanta ya yi lebura. An buɗe gadar nan a 1932. To, maganar da mutum ya ji daga bakin wani tana bukatar shaida ta biyu. Na tambaye ta husufin rana. Nan fa bakinta ya buɗe: gari ya dushe da yamma, kaji suka nufi akurki, yara suna ta kaɗa gwangwani, ita kuwa ana shirin kai ta ɗakin miji. An yi husufi a 2006 ma, amma na amarcinta shi ne na 20 ga Mayu 1947. Yarinyar 1932 tana da shekara goma sha biyar ke nan, daidai aure a wancan zamani. Lissafi ya kama.

Wurin yaƙi ne na kusa tuntuɓe. Ta ce wanta ya tafi yaƙi, ni kuwa har na rubuta 1967, watau yaƙin basasa. Sai ta ƙara cewa ya dawo yana ba da labarin Bama da jirgin ruwa. Ashe yaƙin Hitila ne, wanda ya ƙare a 1945.

Sauran ya zo da sauƙi. Ta haifi autanta, ubana, shekarar da naira ta kori fam da sule, 1973. Ba ta tashi daga unguwarsu ba, amma ta zauna a Lardin Binuwai, da Binuwai-Filato daga 1967, da Filato daga 1976, da Nasarawa daga 1996.

Da na ce mata casa'in ne da 'yan kai, kawuna bai ji daɗi ba, don na rage masa abin alfahari. Ita kuwa ta ce in rubuta sunan wan nata a littafin, gama ba sauran mai kiransa sai ita.