Kifi a Akwatin Gilashi: Gubar da Ido Ba Ya Gani

Iyaye da dama kan sayo wa yara kifin ado, bayan mako biyu sai a tarar da shi a saman ruwa yana haki, alhali ruwan garau yake. Sau da yawa sanadin shi ne amoniya, wadda ke fitowa daga numfashin kifi da kashinsa da ragowar abinci. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, mazauna soson matata, suna mayar da ita nitirit, sannan nitirat mai sauƙin illa. Nitirit kan hana jinin kifi ɗaukar iska. A sabon akwati, ƙwayoyin nan sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su wadata.

Idan abin gwaji ya nuna amoniya ko nitirit sun wuce sifiri, a sauya rabin ruwan da wanda aka cire wa kulorin, mai ɗumi daidai da na ciki. A maimaita kullum, a dakatar da abinci kwana biyu. Yara za su yi ƙorafi, amma kifi ba zai mutu da yunwa ba.

Babban kuskure shi ne wanke soson a bakin famfo don neman tsabta, domin kulorin na kashe ƙwayoyin. A ɗauraye shi cikin tsohon ruwan akwatin kawai. A ƙara lura a zafin Afrilu da Mayu, domin zafi na ƙara wa amoniya dafi, kuma idan wuta ta ɗauke matata kan tsaya.