Hausa da Zabarmanci: halsuna biyu, kasuwa ɗaya

A tsakiyar birnin Yamai, ba nisa da kogin Isa, an yi wata kasuwa da ake ce ma Ƙaramar Kasuwa. Da Faransanci sunanta Petit Marché, da Zabarmanci kuwa Habu Ganda. Nan ake sayen kayan miya, da nama, da kifi, da ƴaƴan itace. A shekarar 2012 gobara ta cinye ta, amma har yau mutane suna kiran wurin da sunanta.

Wanda ya shiga wannan kasuwa, halsuna biyu ya fi ji: Hausa da Zabarmanci. Haka kuma yake a sauran kasuwannin Yamai har yanzu. To, yara, mu aza halsunan nan kusa da juna, mu ga inda suka bambanta da inda suka haɗu.

1. Dangin kowane halshe

Halsuna ma suna da dangi kamar mutane. Hausa tana cikin dangin halsunan Cadi, tare da Bade da Bolanci da Angas na Nijeriya. Tana da dangantaka ta nesa da Larabci da halshen Buzaye. Zabarmanci kuwa ɗan'uwan Dandanci ne na Gaya, da Sanwai na Gao da Tumbutu a ƙasar Mali. Ke nan Hausa da Zabarmanci ba uwa ɗaya ta haife su ba. Maƙwabta ne. Ku dubi ƙidaya, za ku gane:

ɗaya: afo
biyu: ihinka
uku: ihinza
huɗu: itaaci
biyar: iguu
goma: iway

Ruwa shi ne hari, nama ham, gero hayni, kuɗi nooru. Ko ɗaya bai yi kama da namu ba.

2. Namiji da mace

Bahaushe yana cewa: Musa ya zo, Hadiza ta zo. Yana ce ma namiji kai, mace ke. Har kaya ma ya raba su: kasuwa ta cika, gida ya cika. Zabarmanci bai yi wannan rabo ba. A kaa yana nufin ya zo, yana kuma nufin ta zo. Ni shi ne kai, shi ne ke.

Shi ya sa Bazabarme mai koyon Hausa wani lokaci yakan ce: matata ya zo. Ba abin dariya ba ne. Hanyar halshensa ce ya bi.

3. Jeren kalmomi

Mu muna cewa: Musa ya sayi nama. Aiki ya riga abin da aka saya. Bazabarme yana cewa: Muusa na ham day. In aka bi kalma-kalma, ya zama: Musa nama saya. Haka nan: ay na hari haŋ, wato na sha ruwa. Cikin kasuwa kuwa shi ne habu ra, wato kasuwa ciki. Nan Bahaushe mai koyo yake tuntuɓe, shi ma a yi mishi dariya.

Wajen jam'i, Zabarmanci ya fi sauƙi. Boro, mutum, ya zama borey. Zanka, yaro, ya zama zankey. Mu kuwa muna da gida da gidaje, doki da dawaki, mace da mata, kasuwa da kasuwanni. Baƙo sai ya haddace kowace ita kaɗai.

Hausa tana da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da ts, waɗanda babu su a Zabarmanci. Shi kuma yana rubuta ŋ da ɲ, waɗanda babu su cikin baƙaƙenmu.

4. Inda suka haɗu

Zama wuri ɗaya, da addini, da ciniki, sun sa halsunan biyu sun yi tarayya cikin kalmomi da yawa. Sunayen ranaku duk daga Larabci suka zo: Lahadi, Alhadi, Talata, Atalaata, Laraba, Alarba, Juma'a, Alzuma. Goro sunansa gooro. Lakkol, wadda muka aro daga Faransanci, su suna cewa lokkol. In mai saye ya yi tayi bai kai ba, mai kaya ya ce albarka, kowa ya gane.

Lissafin kuɗi ma iri ɗaya ne. Duka biyu da dala suke ƙirga, dala ɗaya kuwa tamma 5 ce. Idan kuka tambayi mai tumatir: marje no? wato nawa ne, ta ce waranka, to ashirin ta ce. Dala 20 ke nan, wato tamma 100. In ta ce zangu, ɗari ce ta dala, wato tamma 500. Yaron da bai san wannan ba, ko ya biya fiye da kima, ko ya koma gida babu cefane.

5. A wata ƙasa ma haka ne

Ƙasar Indiya tana da halsuna masu yawa. Ana yin Telugu a kudu maso gabas, ana yin halshen Asam a arewa maso gabas. Telugu ɗan'uwan Tamil ne, halshen Asam ɗan'uwan Hindi da Bangali. Kowane da irin rubutunsa. Duk da haka dukansu sun ari kalmomi daga Sanskirit, tsohon halshen littattafan addinin Hindu, kamar yadda muka ara daga Larabci. Masu yin su kuma ƴan ƙasa ɗaya ne.

6. Abin da za mu riƙe

A shekarar 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa. Daga baya aka buɗe na Zabarmanci, da Fulatanci, da Barbarci, da halshen Buzaye. A shekarar 2025 hukuma ta sa Hausa ta zama halshen ƙasa. Fiye da rabin mutanen Nijar Hausa ce halshensu na gida, kimanin mutum ɗaya cikin biyar kuma Zabarmanci ko Sanwai.

Zabarmawa da yawa sun koyi halshenmu. Kada mu naɗe hannu mu ce ya ishe mu. Zumunta a ƙafa take. Gobe, in kun gamu da maƙwabcinku Bazabarme, ku ce mishi: mate ni go? wato yaya kake. Zai ce: baani samay, lafiya lau. Ku ce: foofo.

Tambayoyi

1. Mene ne sunan Ƙaramar Kasuwa da Zabarmanci?
2. Don me Bazabarme mai koyon Hausa yakan ce ya a maimakon ta?
3. Mai kifi ya ce zangu. Tamma nawa za ku ba shi?
4. Ku kawo kalmomi uku da Hausa da Zabarmanci suka aro daga Larabci.

Aiki

Ku nemi wani mai jin Zabarmanci a unguwarku. Ku tambaye shi ƙidaya daga 6 zuwa 9, ku rubuta cikin littafinku, ku kawo aji.