Kishin Addini a Kiristanci: Nassi ne Tushensa ko Al'ada?

A watan Afrilun 2023 jami'an tsaron Kenya suka fara tono gawarwaki a dajin Shakahola, kusa da garin Malindi. An zaƙulo fiye da 400, da yawansu ƙananan yara. Mabiyan wani mai wa'azi ne, Paul Mackenzie, wanda ake tuhuma da umartar su da su yi azumi har mutuwa domin su sadu da Yesu. Babu mai musun kishin addinin waɗannan bayin Allah, tunda rayukansu suka bayar. Abin da suka rasa shi ne tambaya guda: a ina aka rubuta wannan umarni?

Matsalar ta daɗe a tarihin Kiristanci. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ga Galatiyawa, ya bayyana cewa kafin tubansa ya fi tsararsa kishin al'adun kakanninsa, kuma wannan kishi ne ya sa ya riƙa tsananta wa masu bi. A Linjilar Markus, sura ta 7, Yesu ya ƙalubalanci Farisiyawa kan al'adar korban: mutum ya ayyana dukiyarsa a matsayin baiko ga Allah, sai a ɗauke masa nauyin kula da iyayensa. A ido ibada ce, amma ta rushe dokar girmama uwa da uba.

A 1517 aka sake cin karo da irin wannan a Jamus. Johann Tetzel yana yawo gari-gari yana sayar da takardun sassauta azabar zunubi, ana tura wani kaso na kuɗin zuwa ginin cocin Saint Peter a birnin Rum. Martin Luther, malamin jami'ar Wittenberg, ya fito da batutuwa 95 yana neman a yi muhawara. A taron Worms na 1521 ya ƙi janye rubuce-rubucensa sai an gamsar da shi da nassi ko hujjar hankali.

Sai dai adalci ya wajaba: al'ada a karan kanta ba laifi ba ce. Littafi Mai Tsarki bai ambaci 25 ga Disamba a matsayin ranar haihuwar Almasihu ba, kuma bikin Kirsimeti bai cutar da kowa ba. Cocin Katolika, a majalisar Trent a 1546, ya tabbatar da cewa yana riƙe da nassi tare da gadon manzanni. Haɗari yana farawa ne idan al'ada ko umarnin shugaba ya hau kan nassi ya danne shi.

A nazarina, tambayoyi uku sun ishi mai bi ya auna duk abin da aka ɗora masa. Ta farko: ina aka rubuta shi, kuma me ayoyin gabansa da na bayansa ke cewa? Ta biyu: yana soke wata doka bayyananniya? Ishaya sura ta 58 ta haɗa azumi da ciyar da mayunwaci, kuma Yesu ya ciyar da taron jama'a don kada su suma a hanya. Ta yaya hana yaro abinci zai zama biyayya gare shi? Ta uku: wa ke amfana? Idan aka ce majinyaci ya ajiye maganin asibiti ya sayi man shafewa, ko gwauruwa ta miƙa kuɗin makarantar 'ya'yanta da sunan shuka iri, a duba aljihun da kuɗin ke faɗawa.

Nakan tunatar da ɗalibaina cewa Kirista mai jin Hausa ba shi da uzuri, domin tun 1932 aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa harshensa. Ayyukan Manzanni sura ta 17 ta yaba wa mutanen Biriya saboda kowace rana suna bincika littattafai su tantance wa'azin Bulus kansa. Idan manzo bai fi ƙarfin bincike ba, babu faston da ya fi. Shugaban da ke fusata don an nemi ya nuna aya, ya kamata mabiyansa su yi hattara da shi. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.