Shin akwai duniyar da ruwa ya mamaye baki ɗaya?

A watan Satumban 2020, ambaliyar ruwa ta shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a fadamun Argungu da Birnin Kebbi. Wanda ya tsaya a kan tudu a lokacin, babu abin da zai hango sai ruwa har iyakar ganinsa.

Bayan 'yan makonni ruwan ya janye, ƙasa ta sake bayyana. To amma tambayar da masana ilmin sararin samaniya suka shafe fiye da shekara ashirin suna yi ita ce: ko akwai wata duniya wadda ruwanta ba ya janyewa, wadda babu tudu ko tsibiri ko ɗaya a cikinta?

Ruwan duniyarmu kaɗan ne

Ruwa ya rufe kimanin kashi 71 cikin ɗari na doron duniyar da muke ciki. Sai dai matsakaicin zurfin teku bai wuce kilomita 3.7 ba, kuma nauyin ruwan tekuna duka bai kai kashi ɗaya cikin dubu huɗu na nauyin duniyar ba. Sauran duk dutse ne da ƙarfe.

Da za a baje duwatsu a cike kwaruruka, da ruwan ya rufe ko'ina da zurfin fiye da kilomita biyu da rabi. Wato rashin daidaiton ƙasa ne ya bar wa ɗan Adam wurin zama da noma.

A shekarar 2003 wani masani ɗan Amurka, Marc Kuchner, da kuma Alain Léger na Faransa da abokan aikinsa a 2004, sun nuna ta hanyar lissafi cewa ana iya samun duniyoyin da ruwa ya kai rabin nauyinsu.

A cewarsu, irin wannan duniya takan haɗu ne nesa da tauraronta, inda ƙanƙara ta yi yawa, daga baya ta matso kusa, zafi ya narkar da samanta ya zama teku guda ba gaɓa.

Abin da aka gano

Zuwa shekarar 2025, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta tabbatar da duniyoyi fiye da 6,000 da ke kewaya wasu taurari ban da rana.

Ba a ganin tekun ko ɗaya daga cikinsu da ido. Abin da masana ke yi shi ne auna girma da nauyi. Idan duniya ta fi dutse sauƙi amma ta fi iska nauyi, sai a yi zaton ruwa.

A watan Disamban 2022, masana ƙarƙashin Caroline Piaulet ta Jami'ar Montreal a Kanada sun ce wasu duniyoyi biyu, Kepler-138 c da d, sun cika wannan sharaɗi. Haske kan yi shekara 218 kafin ya iso nan daga can. Masanan sun ce zafin wurin ya yi yawa, don haka mai yiwuwa tururi ne ya lulluɓe su.

Akwai kuma K2-18 b, wadda ta ninka duniyarmu nauyi fiye da sau takwas. A watan Afrilun 2025, Farfesa Nikku Madhusudhan na Jami'ar Kambrij a Ingila ya ce na'urar hangen nesa ta James Webb ta ga alamar wani sinadari da ƙananan halittun teku ke fitarwa a nan duniya. Wasu masana da dama sun ce hujjar ba ta da ƙarfi.

Hujja mafi ƙarfi tana kusa da gida. Europa, ɗaya daga cikin watannin duniyar Mushtari, an yi ƙiyasin tana da teku a ƙarƙashin ƙanƙara mai ruwa kusan ninki biyu na tekunan duniyarmu. Kumbon Europa Clipper da aka harba a watan Oktoban 2024 zai isa can a 2030.

Ruwa zalla ba zai yiwu ba

Game da duniyar da aka yi da ruwa tun daga sama har tsakiya kuwa, masana na ganin hakan da wuya. Duniyoyi kan haɗu ne daga cakuɗar ƙura da ƙarfe da ƙanƙara, kuma masu nauyin su ke nitsewa tsakiya.

Ko da an samu ruwan zalla, ba zai zauna yana gudana har ƙasa ba. Idan zurfin teku ya kai kimanin kilomita ɗari, nauyin ruwan sama kan matse na ƙasa har ya daskare, ya zama wata irin ƙanƙara da ba ta buƙatar sanyi, kuma tana nitsewa maimakon yin iyo.

Darasin fadama

Nan ne matsalar rayuwa take, kuma manoman fadamar Kabi da masuntanta sun san asalinta tun kafin masu na'ura.

Giwan ruwa da tarwaɗar da ake kamawa da homa a Matan Fada, a bikin kamun kifin Argungu da aka fara a 1934, ba ruwa kaɗai ya raya su ba. Ruwan sama kan zaizaye duwatsu da ƙasa a saman gulbin Rima, ya kwaso laka mai ɗauke da sinadarai irin su fosfaras, ya zuba a fadama. Da shi ciyayi da ƙananan halittu ke girma, kifi ya ci su. Ita ce kuma lakar da ke ƙara wa gonar shinkafa ƙarfi bayan ruwa ya janye.

A duniyar da babu tudu, babu dutsen da ruwan sama zai zaizaye. Idan kuma waccan ƙanƙara ta shiga tsakanin teku da dutsen ƙarƙashinsa, hanyar samun sinadaran za ta iya ƙuntata ƙwarai.

Zaizayar duwatsu ce kuma ke rage iskar kabon a sararin duniyarmu, abin da ke daidaita zafi cikin dubban ɗaruruwan shekaru. Duniyar ruwa za ta iya rasa wannan ma'auni.

Wani abin lura shi ne Enceladus, ƙaramin watan duniyar Zuhal. A 2005 kumbon Cassini ya ga tsartuwar ruwa daga jikinsa, kuma a 2023 masana suka sanar da samun fosfaras a cikin ƙanƙarar da ta fito daga tekunsa. Shi wannan teku, ana kyautata zaton kai tsaye yake kwance a kan dutse.

Saboda haka masu neman rayuwa a wajen duniyarmu ba su tsaya ga tambayar ko akwai ruwa ba. Suna kuma neman sanin ko ruwan yana taɓa dutse.