Wa Zai Tsaya Wa Baƙo?

Wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano, ya sauka Kwanar Dangora ta ƙasar Kiru ran kasuwa da kaka, zai ga buhunan masara da dawa an tsibe su kamar ganuwa. Zai kuma ga waɗansu mutane a gefe, ba su saye, ba su sayarwa, suna jiran a kira su dako. Waɗansunsu 'yan cin rani ne, da damina ta faɗi za su koma gonakinsu. Waɗansu kuwa ba su da gonar komawa, domin 'yan bindiga sun tashi ƙauyukansu. Kadan aka tambayi irin wannan mutum abin da ya ke bukata, ba safai ya kan ce sadaka ba. Jari ya ke so, ko da na tallan rake ne. Amma jari ba ya samuwa sai da lamuni, lamuni kuwa sai da wanda ya san asalin mutum.

Wannan yanki na kudancin Kano ya san baƙo tun ba yau ba. Bebeji zango ne a kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, a nan ne kuma aka haifi Alhassan Dantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa. Yana yaro mahaifinsa Abdullahi ya rasu, mahaifiyarsa Amarya ta tafi Ankara fatauci, ta bar shi hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta laƙabinsa ya fito. Ya yi karatun allo a Bebeji, yana ci da kansa yadda almajirai su ke yi, ana kuwa ba da labarin asusun da ya ke jefa ɗan abin da ya samu ciki. Yana saurayi ya bi ayari zuwa Ankara, watau shi kansa ya ɗanɗana baƙunci. Sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, ya shiga sayen gyaɗa. Yadda ya yi shi ne, ya kan ba yaransa kuɗi a hannu su shiga ƙauyuka, ba jingina, ba takardar gida, sai dai sanin hali. An ce da bankin Turawa ya buɗe a Kano a 1929, kayan raƙuma 20 na kuɗin azurfa ya kai ajiya. Ya rasu a 1955.

Ba don a yabi attajiri aka kawo wannan ba. Abin lura shi ne tsarin da ya ɗauki maraya ya kai shi can. A kowane zango, daga Salaga zuwa Kumasi da Ankara, akwai mai gida, wanda waɗansu ke ce wa fatoma. Baƙo ya sauka zaurensa, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya ɗauki la'adarsa. Kadan za a ba da kaya bashi, mai gida ne ya ke tsayawa, in mai bashi ya gudu a wuyansa ta ke. Me zai hana mutum gudu? Sunansa ne zai ɓaci daga Gwanja har Kurmi, ba kuwa wani zauren da zai sake buɗe masa ƙofa. Malamai sun san asalin wannan a Madina, inda Abdurrahman ɗan Aufu, Allah ya yarda da shi, ya zo hijira hannu wofi. Ɗan'uwansa na Ansaru, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya nemi a nuna masa kasuwa kurum.

Talakan ƙauye shi ma yana da nasa dabarun. Akwai adashi, inda mutum goma ko ashirin ke zubi ran kasuwa, uwar adashi ta tara, kowane mako mutum guda ya kwashe. Akwai biki, akwai gayya, akwai kiwon akuya a raba 'ya'ya. Akwai kuma mugun cikinsu, watau falle: a ba mutum dami guda cikin marka, lokacin da rumbu ya ƙare, ya biya biyu da kaka. Wannan riba ce tsagwaronta, malamai ba su taɓa yin shakka a kanta ba, amma ba ta mutu ba, domin mai yunwa a watan Agusta ba shi da wata ƙofa. Duk waɗannan kuwa na ɗan gari ne. Uwar adashi ba ta ba baƙon jiya kwasar fari, kuma ba za a ga laifinta ba.

Mutum ya kan zama baƙo ko bai bar ƙasarsa ba. Tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano cikin ƙasar Bebeji. Aiki ne babba, albarkarsa kuwa a fili ta ke: shinkafa da alkama da tumatir na Kura da Bunkure da Garun Malam da ruwan Tiga ake noma su. Amma tafkin ya ci ƙauyuka da fadamu, dubban mutane suka tashi aka sake musu matsuguni. Diyyar kuɗi ko nawa ce ƙarewa ta ke yi, fadama kuwa kowace shekara tana bayarwa. Cikin waɗannan shekaru ne kuma farin 1973 ya koro Buzaye da Fulani daga arewa, dabbobinsu sun mutu, suka watsu cikin garuruwan Hausa suna gadi da bara. Can kudu, kuzar Riruwai ta ƙasar Doguwa ta daɗe tana jawo 'yan ƙwadago daga nesa, dajin Falgore kuma mashigar makiyaya ne.

To, me shari'a ta tanada? Kashi takwas da aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta lissafa, akwai faƙiri da miskini, akwai wanda bashi ya ci, akwai kuma matafiyin da guzuri ya yanke masa. Malaman Malikiyya sun yi wani bayani mai kyau a kan na ƙarshen: ana ba shi ko da mawadaci ne a garinsu, muddin bai sami mai ba shi rance ba. Watau tun can an gane cewa ciwon baƙo shi ne rashin mai lamunce masa. Sun kuma ce a raba zakka inda ta wajaba, kada a ɗauke ta zuwa nesa sai in can sun fi bukata. Wanda ya ke zaune a garin ran rabo, na garin ne, ba a tambayarsa inda aka binne cibiyarsa.

Ƙasar Tudun Wada da Doguwa ƙasar hatsi ce, saboda haka zakkar noma ce babba a wurinsu. Nisabinta wusƙi 5, watau sa'i 300. Abin da ruwan sama ko kogi ya shayar, ushuri ne, dami guda cikin goma. Abin da aka shayar da wahala, da jigo ko injin ban ruwa, rabin ushuri ne. Ba a jiran shekara ta kewayo, ran girbi ta ke fita. Na ɗan kasuwa kuwa ɗaya cikin 40 ne, kadan dukiya ta kai ƙimar dinari 20 ta shekara a hannu. Da wannan duka yana fita bisa ƙa'ida, da falle ya rasa kasuwa. Inda gyara ya ke shi ne wajen rabo. Attajiri ya tara mutum ɗari biyar a ƙofar gidansa cikin rana, ya ba kowa abin cefanen yini guda, kashegari su wayi gari yadda su ke. Alhali Malikiyya sun halatta a ba matalauci abin da zai ishe shi shekara, Shafi'iyya ma sun ce a ba mai sana'a kayan aikinsa, ɗan kasuwa a ba shi jari. Mutum biyar da aka tsayar da ƙafafunsu sun fi ɗari biyar da aka sallama da kuɗin mota. Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, amma akasarin masu dukiya har yanzu da hannunsu su ke rabawa. Hubusi kuwa, watau a tsayar da gona ko rumfa ko gida amfaninsa ya riƙa tafiya ga mabukata, shi ne abin da ya fi dacewa da ƙasar noma, shi ne kuma aka fi sakaci da shi.

Gwamnatin Tarayya ta gwada nata hanyoyin. A 1989 aka buɗe Bankin Al'umma don ba talakawa rance ba jingina, bai yi tsawon rai ba. A 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen manoma a Kebbi, ana ba da iri da taki a biya da shinkafa, manoman Kano ma suka shiga. Sama da naira tiriliyan guda aka fitar, da yawa ba su biya ba don sun ɗauke shi rabonsu ne na gwamnati, Babban Banki ya janye hannu daga irin wannan aiki a ƙarshen 2023. A 2016 aka fara ba gidaje mafiya talauci naira 5,000 a wata, mafi yawa a hannun matan gida, har aka sa dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido cikin shirin. A 2018 aka yi TraderMoni, naira 10,000 ga mai ƙaramar sana'a. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka yi shelar naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. An dakatar da shirin a farkon 2024 saboda zargin almundahana, sa'an nan aka komo da shi bisa sharaɗin lambar shaidar ɗan ƙasa.

Ba a raina waɗannan kuɗi ba, gama matar da ta karɓa ta sayi tunkiya ta san amfaninsu. Amma mai karatu ya duba ƙofar shiga. Rajistar matalauta mutanen gari ne ke zama su faɗi waɗanda suka fi bukata a cikinsu, abu mai kyau, sai dai wanda ya sauka bara ba ya cikin ƙidayar. Bayan haka ana neman lambar shaidar ɗan ƙasa, da lambar banki ta BVN wadda aka fito da ita a 2014, da wayar da saƙo zai shigo. Wanda ya fita gidansa da tsakar dare da rigar jikinsa, ina ya ga waɗannan? Sharaɗin ba na mugunta ba ne, an sa shi don a toshe sunayen ƙarya. Amma tarkon da aka ɗana wa ɓarawo ya kama baƙo.

Dokar duniya ma tana da nata rabe-raben. Bisa yarjejeniyar 1951, ɗan gudun hijira shi ne wanda ya ƙetare iyakar ƙasarsa. Mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019, an rubuta su, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kula da su. Ɗan'uwansu da ya gudo kudu zuwa ƙasar Kano bai ƙetare kome ba. Nijeriya ta kafa hukumar 'yan gudun hijira a 1989, daga baya aka ɗora mata kula da waɗanda aka raba da gidajensu cikin ƙasa, amma agaji ya fi bin inda aka kafa sansani. Bahaushe kuwa ba ya son sansani, gara ya raɓa gidan wani dangi ko tsangayar wani malami, a nan ne kuwa ba mai ganinsa.

Saura banki. 'Yan kasuwa da yawa sun guji rancen banki don tsoron riba, sai a 2012 bankin Jaiz ya buɗe a Abuja da Kaduna da Kano, yana sayen kaya ya sayar wa mutum da ribar ciniki da aka sani tun farko. Amma ko bankin da ba ya cin ruwa yana neman mai tsayawa. A Bangaladash, Muhammad Yunus ya kafa bankin Grameen a 1983 bisa wata dabara: matalauta biyar su haɗa kai, kowa ya zama shaidar ɗan'uwansa, a ba su rance ba jingina. An ba shi kyautar Nobel a 2006 saboda abin da kowace uwar adashi a Kiru ta sani.

Ashe aikin fatoma bai ƙare ba, mai yinsa ne ya yi ƙaranci. Mai unguwa yana da ikon ya shaidi baƙon da ya sauka unguwarsa, ya sa a kai shi inda ake rajistar ɗan ƙasa. Limami ya san wanda ke sahu da asuba wata shida bai fasa ba. Dillalin hatsi ya san ɗan dakon da bai taɓa taɓa masa mudu ba. Shaidar waɗannan uku ta isa a ba mutum buhu biyu ya kasa a bakin kasuwa, ya biya mako mai zuwa, in ya cika alkawari a ƙara masa na uku. Wani zai ci amana, lalle, a zamanin ayari ma an ci. Fatake sun lissafa wannan cikin asarar hanya, kamar jakin da ya faɗi a mashigin kogi, ba su kuwa rufe zaurukansu ba saboda shi.