Bayan An Sako Ɗaliban, Wa Ke Jinyar Zukatansu?

A watan Nuwamban 2025, cikin mako guda, 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 25 daga makarantar sakandaren gwamnati ta Maga a Jihar Kebbi bayan sun kashe mataimakin shugaban makarantar, sannan suka afka wa makarantar St. Mary's da ke Papiri a Jihar Neja suka kora yara da malamai sama da 200 cikin daji. Da aka sako su, sai aka maimaita abin da muka saba gani tun daga Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024: a kai yaran gidan gwamnati, a sa musu sababbin kaya, likita ya duba jikinsu, manya su yi jawabi, a ɗauki hoto, a ce an kuɓutar da su, kowa ya kama gabansa. Abin da ya zauna a zukatan jama'a da na hukumomi shi ne, ranar da yaro ya fito daga daji ranar wahalarsa ta ƙare. Wannan fahimta ba daidai ba ce, kuma yara ne ke biyan farashinta. Jikin yaron ya dawo gida, amma firgicin da ya shiga zuciyarsa yana nan tare da shi, zai bi shi ɗakin uwarsa, zai bi shi aji in har ya yarda ya koma, kuma a can ne ake buƙatar aikin da babu wanda aka ɗora wa.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Yaron da ya kwana kwanaki bakin bindiga na kansa zai iya fama da mugun mafarki, ya riƙa zabura in ya ji ƙarar babur, ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, ya daina magana, ko ya zama mafaɗaci. Karatun da yake riƙewa a da sai ya riƙa zube masa. Malamin da ba a koya wa gane wannan ba zai kira shi taurin kai ko daƙiƙanci, ya kai hannu ga bulala, ya ƙara wa rauni gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na matasa 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan lalurori suna farawa ne kafin shekara 14. Wannan lissafin duniya ne baki ɗaya, har da ƙasashen da ba a taɓa jin harbi a harabar makaranta ba. Abin da ke sanyaya zuciya shi ne mafi yawan yara suna murmurewa ba tare da sun ga likita ba, muddin sun samu kwanciyar hankali, da babba mai sauraro, da rayuwar yau da kullum da ta koma kan tsarinta. Kaɗan ne ke buƙatar ƙwararre. Matsalarmu ita ce ba mu tanadi na farkon ba, balle mu iya tantance na biyun.

Hasali ma bikin karɓar da muke yi yana iya cutarwa. A Jangebe, ranar da za a miƙa 'yan mata 279 ga iyayensu a watan Maris na 2021, jami'ai sun tsaya jawabai yamma tana yi, iyayen da ke son barin wurin kafin duhu suka kasa haƙuri, aka yi hargitsi har jami'an tsaro suka buɗe wuta, a gaban yaran da ba su cika kwana biyu da barin hannun 'yan bindiga ba. Haka kuma ake tura wa yarinya makirufo a baki a ce ta faɗa wa duniya abin da aka yi mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan a zaunar da wanda ya fito daga bala'i a matsa masa ya zayyana abin da ya faru nan take, domin bincike ya nuna hakan ba ya hana ciwon, wani lokaci ma yana tsananta shi. Abin da ta ba da shawara a kai mai sauƙi ne: a tabbatar masa ya tsira, a biya masa buƙatar gaggawa, a haɗa shi da danginsa da wuri, a saurare shi in ya so magana, a ƙyale shi in bai so ba.

Akwai masu cewa duk wannan zancen Turawa ne, mu Musulmi muna da haƙuri da yarda da ƙaddara, kuma yaron da ke firgita cikin dare addu'a da ruƙiyya yake buƙata. Ban ga saɓani tsakanin addu'a da magani ba, kuma tarihinmu bai gan shi ba. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙub, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai shi ga rasa gani, ba a kuwa ɗauki wannan a matsayin raunin imani ba. Malaman sira sun sa wa shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu suna shekarar baƙin ciki. Amma hujjar da aka fi mantawa da ita ita ce ta Abu Zaid al-Balkhi, malamin da aka haifa kusa da Balkh a ƙasar Afganistan ta yau, almajirin fitaccen masanin nan al-Kindi, wanda ya rasu a shekarar 934 ta Miladiyya. A littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ya keɓe kashi guda ga lafiyar rai, ya kuma soki likitocin zamaninsa da suka duƙufa kan jiki kaɗai. Ya yi bayanin fushi, da tsoro da razana, da baƙin ciki, da waswasi, kowanne da hanyar magance shi. Ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashin masoyi, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai ya kashe masa jiki, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani. Ya kuma nuna cewa mai damuwa yana buƙatar wani daga waje ya taya shi tunani, domin mutum ya fi karɓar nasiha daga bakin wani fiye da daga zuciyarsa, kamar yadda likita in ya kwanta ciwo sai ya nemi ɗan'uwansa likita. An rubuta wannan fiye da shekara dubu da suka wuce, da Larabci, a cikin daular Musulunci. Duk wanda ya ce kula da lafiyar rai baƙon abu ne gare mu, gadonsa ne bai bincika ba. Kuma mun ga inda sakaci da wannan ilimi ya kai mu: a 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan maza da yara daga wasu gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura, da yawansu da sarƙa a ƙafa, iyayensu ne kuma suka kai su da hannunsu saboda ba su san wata ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: ina likitocin? Gaskiya ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutane sama da miliyan 200, kuma kullum wasu na haɗa kaya zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. Manyan asibitocin wannan fanni a Arewa ana ƙirga su da yatsun hannu: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, da na Maiduguri. Manomin Ƙanƙara ko na Papiri ba zai iya jigilar ɗansa zuwa can duk mako ba. Sai dai wani ɗan ƙasar nan ya riga ya amsa wannan tambaya tun kafin samun 'yancin kai. A 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya dawo daga karatu a Ingila ya kama aiki a Aro, kusa da Abeokuta, a lokacin da abin da Turawan mulki suka tanadar wa mai taɓin hankali bai wuce kulle ba. Lambo ya shawo kan mutanen ƙauyukan da ke kewaye suka ba majinyata masauki a gidajensu. Kowane majinyaci yana zuwa da ɗan'uwansa mai kula da shi, da rana ya je asibiti a duba shi, da yamma ya koma cikin jama'a, ya je kasuwa, ya yi hira. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su, saboda ya san wurinsu mutane ke fara zuwa. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma Lambo ya kai matsayin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Abin da ya gano shi ne ƙwararre ɗaya zai iya isa ga mutane masu yawa in ya horar da waɗanda suke tare da majinyaci dare da rana. Shekaru hamsin bayan haka Dakta Dixon Chibanda ya bi irin wannan hanya a Zimbabuwe, inda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna aikin nasu yana rage ciwon ƙwarai. Mu da muke da malaman Islamiyya a kowace unguwa, da limamai da fastoci, da ungozomomi, da ƙungiyoyin mata masu wa'azi, ba mu da uzurin cewa babu wanda za a horar.

Wanda ya fi kowa cancantar wannan horo shi ne malamin aji, sai dai shi ma majinyaci ne da ba a tambayar lafiyarsa. UNICEF ta bayyana a 2017 cewa an kashe malamai sama da 2,295 a Arewa maso Gabas tun daga 2009, wasu 19,000 kuma sun bar gidajensu. A Kuriga malami ya mutu a hannun masu garkuwa. Waɗanda suka tsira ana sa ran su koma aji su riƙe alli kamar ba abin da ya faru, da albashin da ba ya kai su tsakiyar wata, a ginin da suka ga an fasa ƙofarsa. Mutumin da zuciyarsa ke bugawa duk lokacin da kare ya yi haushi ba zai iya kwantar wa yara sittin hankali ba. Iyaye ma haka. A Tegina, inda aka riƙe 'yan makarantar Islamiyya ta Salihu Tanko kusan wata uku a 2021, iyaye sun sayar da gonaki da kadarori don haɗa kuɗin fansa, wasu yaran kuma ba su dawo da rai ba. Yaron da ya dawo ya tarar an sayar da gonar gidansu saboda shi yana ɗauke da wani nauyin da ba ya iya faɗa. Wasu 'yan matan da aka sace daga makarantar Birnin Yauri sai a 2023 suka fito, wasunsu da goyo, kuma abin da ke jiransu a gari shi ne tsegumi da nuni da baki. Wannan ciwon ba 'yan bindiga ne suka yi shi ba, mu ne, kuma huɗubar Juma'a ɗaya daga limamin da ya fahimci lamarin za ta iya rage shi.

Wasu za su ce a fara tsare makarantun tukuna, sauran magana ta biyo baya. Babu mai jayayya da tsaro. Amma tun 2014, bayan sace 'yan matan Chibok 276, aka ƙaddamar da shirin makarantu masu aminci, kuma a ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin kashe naira biliyan 144.8 a kansa daga 2023 zuwa 2026. In an tashi maganar wannan kuɗi, katanga da ƙofa da masu gadi ake ji. Katanga ba ta mayar da yarinyar da ta rantse ba za ta sake kwana a makaranta ba, ba ta kuma shawo kan uban da ya yanke shawarar aurar da 'yarsa don tsoro. Rufe makarantu na watanni bayan kowane hari kuwa yana ƙwace wa yara ainihin abin da ke warkar da su, wato abokai, da wasa, da sanin abin da gobe za ta zo da shi. Jiran sai tsaro ya kammala kafin a kula da waɗanda aka riga aka raunata yana nufin barin tsara guda ta girma da ciwonta.

Dokoki kam muna da su. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta yi tanadin malamai masu ba ɗalibai shawara, amma a makarantu da dama mai riƙe da wannan muƙami an cika shi da darussa, aikinsa bai wuce cike fom ɗin jarrabawa ba. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun kuɗi. Abin da ya rage aikin jihohi ne, domin yawancin makarantun nasu ne. Kwalejojin ilimi su sa gane alamun firgici da taimakon farko na zuciya cikin abin da kowane mai neman NCE zai koya. Hukumomin SUBEB su haɗa kowace makaranta da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, inda ma'aikacin da aka horar zai karɓi yaran da lamarinsu ya fi ƙarfin malami. A daina baje kolin yaran da aka sako a gaban kyamara. Malamin da aka kai wa makarantarsa hari a ba shi hutu da kulawa kafin a mayar da shi aji. Majalisun dokokin Katsina, Zamfara, Kaduna, Neja da Kebbi kuma su kira kwamishinonin ilimi su kawo rajistar kowane yaro da aka sace aka sako tun 2020, su faɗi nawa ne suka koma karatu, nawa suka kammala, kuma wane jami'i ne aka ɗora wa alhakin bibiyar sauran.